Laftop ta koma sulo kuma ba ta riƙe caji: caja za ka saya, batir, ko fawa bank?

Lokacin zafin nan da ya wuce ƙanwata ta kira ni kamar za ta yi kuka, tana ajin ƙarshe a BUK ga furojek ya taso ta gaba, wai Yaya sistem ɗin nan ta gaji, Word ma sai in danna in je in yi alwala in dawo bai gama buɗewa ba. Dell Latitude ce Core i5 ta hannu, ba wata tsohuwa can ba. Kafin ma ta faɗa min ta riga ta kai wa wani mai gyara ya yi mata fomatin, ya ce ram ne ya yi kaɗan ya ƙara mata, kuɗi sun tafi, sistem tana nan jiya i yau. Da na je gida na kunna sai na danna Ctrl da Shift da Esc, Task Manager ya fito, na shiga Performance na duba gudun firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, 0.79 GHz ya tsaya cak ko motsi ba ya yi. Na zare caja, wallahi kafin in ƙifta ido ya haura 2.5. Na mayar, ya sake faɗowa. Wato laftop ɗin ta fi gudu a kan batir fiye da in tana jone da wuta, abin da hankali ba zai ɗauka ba in ba ka san dalili ba.

Dalilin kuwa ɗan siririn tsinke ne da ke tsakiyar bakin cajar Dell. Ba wuta yake kai wa ba, ta nan ne caja take gaya wa laftop ni ce wance kuma wat kaza nake bayarwa. In tsinken ya lanƙwashe ko siririyar wayarsa ta tsinke a ciki, ko kuma cajar jabu ce babu wannan ɗan cif ɗin, to laftop za ta ce ban san ki ba, sai ta ƙi cajin batir ta kuma danne firosesa ƙasa don kar ta ja wutar da cajar ba za ta iya ba. Wannan rubutun da yake fitowa a baƙin allo in ka kunna, wanda kowa yake danna F1 ya wuce ko karantawa ba ya yi, to shi ne take faɗa maka. Ƙanwata ta ce ai wata biyu kenan tana ganinsa, ta ɗauka gaisuwa ce.

Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni me zai saya nake cewa tsaya tukuna, akwai gwaji biyu da ba sa cin ko sisi. Na farko shi ne wancan na Task Manager, ka duba gudun da caja ka duba babu caja, in da hali ka ari cajar wani mai irin sistem ɗinka ka sake dubawa. Na biyu ka buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, zai ajiye maka wani fayil ya nuna maka inda yake, a ciki za ka ga Design Capacity wato abin da batirin yake ɗauka yana sabo, da Full Charge Capacity wato abin da yake iya ɗauka yau. In na farko 68,000 ne na biyu 20,000, ba sai an kira boka ba, batirin ya ci zamaninsa. In kuwa na biyun yana kusa da na farko amma ba ya caji, kar ka taɓa batirin, laifin yana wajen caja ko ramin da ake soka ta. A Dell ma in ka shiga BIOS, wato allon saitin da ake shiga da danna F2 lokacin kunnawa, akwai inda yake rubuta wat ɗin cajar da ya gani, in ya rubuta bai gane ta ba magana ta ƙare.

To mu fara da caja tunda ita ce mafi arha a cikin duka kuma ita ce ta fi shafar gudu kai tsaye. Juya bayanta ka karanta, ka ninka bolt da amf shi ne wat. Dell 19.5 sau 3.34 ya ba ka 65, 19.5 sau 4.62 ya ba ka 90. Lenovo 20 sau 3.25 shi ma 65 ne. Bolt dole ya yi daidai da wanda aka rubuta a ƙasan laftop ɗinka, amma wat ɗin in ya fi yawa babu komai, laftop abin da take buƙata kawai take ja, mutane da yawa suna tsoron wai ta 90 za ta ƙona sistem mai 65, ba ta ƙonawa. Wanda yake kawo matsala shi ne ƙasa da ƙa'ida, ka sa ta 45 a inda ake son 90, sai ka ga ana caji amma batir yana raguwa in kana aiki mai nauyi, ko sistem ta rage gudu da kanta, cajar kuma ta yi zafin da ba za ka iya riƙe ta ba. HP mai shuɗin baki ita ma tana da tsinken tsakiya, Lenovo mai baki rawaya mai kama da USB ita ma tana da hanyar da take sanar da wat ɗinta, don haka kar wani ya ce maka ai duk wadda ta shiga rami shikenan.

A kasuwa, ko Farm Centre ka je ko Beirut Road a Kano, kala uku za a miƙo maka. Akwai orijina ta hannu wadda aka ciro da laftop daga waje, duk ta goge ba ta da kyan gani. Akwai sabuwa fil a kwali da tambarin kamfani a jiki amma in ka ɗaga ta kamar ba komai a ciki. Sai kuma mai baki goma wadda ake murɗa bolt da hannu. Ni dai a ba ni tsohuwar nan mai nauyi sau goma, nauyin nan ba banza ba ne, ƙarfen da ke shanye zafi ne da kayan tace wuta, su ne masu jabu suke cirewa don su rage kuɗi. Alamar da za ka gane wutar caja ba ta da tsafta ita ce da ka jona sai kibiyar linzami ta fara tsalle-tsalle ita kaɗai, ko ka ji ƙara zzz a sifika. Mai baki goma kuwa ka bar ta sai dai in lalura ce ta kwana biyu, yaro ɗaya ya murɗa maka ita zuwa 24 ba ka lura ba ka jona, sai labari. Kuma don Allah ka tafi da laftop ɗin shagon, a jona a gabanka ka ga ta gane cajar ka ga gudun ya tashi sannan ka zaro kuɗi, in mai shago ya ce Alhaji ai ba sai an gwada ba, ka ce masa Allah ya ba da kasuwa ka matsa gaba.

Masu sababbin sistem na USB-C ku ma ba ku tsira ba, naku ma har ya fi ruɗarwa don cajar waya tana shiga ramin daram. Laftop tana son bolt 20 ne yawanci, kan cajar waya mai wat 18 ko 25 ba zai ƙosar da ita ba, Windows zai rubuta maka cewa cajin yana tafiya a hankali. Ita kanta wayar tana da nata, ta gama-gari amf 3 take ɗauka wato wat 60 kenan iyaka, in kana son 100 sai mai amf 5 wadda take da cif a bakinta.

Sai batir. A nan ne mutane suke cewa ai ni kullum a jone nake, me ruwana da batir. Da ruwanka. Firosesa na zamani ba gudu ɗaya yake yi ba, in ka buɗe abu mai nauyi sai ya zabura na ƴan daƙiƙu ya ja wuta da yawa sannan ya sauka, kuma a sistem da yawa batir ne yake cike giɓin in caja ta gaza a wannan zaburar. In batirin ya mutu ko babu shi, wasu laftop ɗin sai su hana zaburar gaba ɗaya. Tsofaffin ThinkPad irin su T420 da X220 an san su da wannan, ka cire batir ka bar su da caja mai wat 65 sai su kulle a mafi ƙarancin gudu, ka sa mai 90 su saki. MacBook ma haka take yi in batirinta ya mutu. Wata matsalar kuma batirin da ya tsufa ƙarya yake yi, yana nuna maka 40 cikin ɗari, ka buɗe Zoom ko ka fara haɗa bidiyo sai ɗif ta mutu, don bolt ɗinsa yana zubewa da zarar an ɗora masa nauyi.

Batirin litiyam dama ba na har abada ba ne, yawanci bayan cikawa da ƙarewa sau 300 zuwa 500 za ka ga ya ragu sosai, Apple su suna cewa nasu na yanzu sau 1000. Amma wannan lissafin na inda ake da sanyi ne, babban maƙiyin batir zafi ne, ga mu a garin da watan Afrilu ake haura digiri 40 a inuwa, ga ɗakin kwano babu silin, ga laftop a kan katifa ta toshe ramukan iska, ga shi a cike ɗari bisa ɗari dare da rana don tsoron a ɗauke wuta. Ba abin da yake kashe shi da wuri kamar haɗuwar cika da zafi. In ka ga wurin da kake goga yatsa ya taso, ko ya daina dannuwa, ko murfin ƙasa ya buɗe baki, batir ne ya kumbura, wannan kam babu kwatance babu jira, a cire shi yau, kar a huda shi kar a danne shi kar kuma a jefa shi a bolar da ake cinna wa wuta.

Shi ma in ka zo saye kala-kala ne. Sabo orijina ya fi kowanne amma samunsa da wuya kuma da tsada, da yawa da ake cewa orijina sitika ce kawai. Na wasu kamfanoni da suke yin madadinsa, a cikinsu akwai na kirki akwai na banza, sa'a ce, don haka a nan garanti ya fi sunan da ke jiki muhimmanci, ka nemi a rubuta maka a rasit wata nawa ne. Na hannu wanda aka ciro daga wata laftop, wannan ina son sa in za a bar ni in sa shi in buga batteryreport a wurin, in ya nuna 80 cikin ɗari ko sama na ɗauka, orijina ne dai ko ya ɗan sha jiki. Sai waɗanda suke fasa tsohon batir su canza ƙwayoyin ciki, irin zagayayyun nan 18650 na tsofaffin laftop masu batir a waje. Wannan ya danganta da hannun mai yi, sau da yawa ƙwayoyin da za a zuba maka su ma daga wani mataccen batir aka tsinto su, kuma ɗan bod ɗin da ke ciki wani lokaci yana kulle kansa da zarar an yanke masa wuta. Ban cika ba mutum shawararsa ba sai in batirin sistem ɗin ya ɓace a kasuwa. Kowanne dai za ka saya lambar jikin tsohon za ka bi ba sunan laftop ba, misali EliteBook 840 G3 CS03XL take amfani da shi, G5 kuma SS03XL, ka ga harafi ɗaya ne ya raba su amma ba sa shiga wa juna. Kuma na jabu yana iya rubuta lambar ƙarya a rahoton, gwajin gaskiya shi ne ka cika shi ka kunna bidiyo ka duba agogo.

Akwai zaɓin da ba ya cin kuɗi, a cire mataccen batir a ci gaba da aiki da wutar bango kamar destop. A ƙasar da ba a ɗauke wuta wannan ba laifi. A nan kuwa, kana tsaka da babi na huɗu a ɗauke, ko mai shago ya juya daga wutar gari zuwa inji, daƙiƙa ɗaya ta isa. Abin da ba ka yi sebin ba ya tafi wannan ƙarami ne ma, babbar ɓarnar ita ce mutuwar farat ɗaya tana lalata fayilolin Windows musamman in ta same shi yana sabunta kansa, sai ka wayi gari tana ta zagaye a shuɗin allo tana cewa tana gyara kanta, in kuma ma'ajiyar fayilolinka had dis ne mai juyawa ba SSD mara juyawa ba to kana rage masa kwana. Wani fomatin ɗin da ake yi wa mutane daga nan yake samo asali. Na yarda da wannan zaɓin ne kawai ga wanda yake da inbata da ba ta yankewa.

Wanda ya kawo mu kan wutar waje, wato UPS da fawa bank da sola. Ƙaramin UPS na ofis, akwatin nan mai riƙe wuta in an ɗauke, batirin da ke cikinsa yawanci bolt 12 ne amf-awa 7, wat-awa 84 a takarda, amma an yi shi ne don ya riƙe ka mintuna ka kashe kwamfuta ba don ka yi aikin awa uku ba, ga kuka ƙit ƙit, ga shi batirin dalma ne shi ma zafi yana cinye shi, wasu kuma ba sa shiri da ƙaramin janareto sai su yi ta ƙas ƙas suna komawa kan batir. Ga nauyi, ba za ka ɗauke shi zuwa lakca ba. Fawa bank ya fi shi ma'ana in laftop ɗinka tana caji ta USB-C, mai 20,000mAh wat-awa 74 ne, abin da zai iso laftop bai kai haka ba saboda asarar juya wuta amma duk da haka ya kai kusan cikon batir guda, kuma zai caja maka waya. Sharaɗin dai ya zama an rubuta PD, wato tsarin caji mai ƙarfi ta USB-C, wat 65 a jikinsa, ba irin na waya mai 22.5 ba. Masu zagayayyen rami akwai wata waya da ake sayarwa mai USB-C a gefe ɗaya bakin laftop a ɗaya gefen, tana yi, sai dai a Dell in babu cif ɗin nan a cikinta ka koma gidan jiya, 0.79 yana jiranka. Sola da inbata kuwa ai wannan gyaran gida ne gaba ɗaya ba gyaran laftop ba, in kana da hali Allah ya sa albarka, amma ka sani inbata mai arha wadda wutarta ba ta da santsi tana sa caja zafi da ƙara, kuma ko ta miliyan nawa ka sa ba za ta gyara maka lanƙwasasshen tsinke ba. Duk waɗannan ukun lokaci suke ƙara maka, babu wanda yake dawo da gudu.

Kafin in manta, ba duk sulo ne na caji ba. Bayan hunturu fanka da ramukan iska sun sha ƙura, firosesa ya yi zafi ya rage gudu don kar ya ƙone, alamarsa ita ce tana farawa garau sai bayan minti goma ko ashirin ta fara ja, fanka tana ihu, da caja da babu caja duk ɗaya. Wannan hurawa ne da canza man da ake shafa wa firosesa. Haka kuma Windows 10 da kansa yana rage ƙarfi in batir ya sauka 20 cikin ɗari, wannan ba cuta ba ce. In kuma kwanan wata ne yake komawa baya kullum har burauza ta ƙi buɗe shafuka, ɗan ƙaramin batirin agogo ne mai kamar kwabo da ke kan bod, shi ma ba babban ba.

Sai tambayar ko a haƙura a canza laftop ɗin kawai. Ni ma'aunina shi ne jenareshon, wato zamanin firosesan da ke cikinta. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga Intel jenareshon na 8 yake farawa. In taka ta 8 ce ko sama, saya mata caja da batir ba asara ba ne ko kaɗan, tana da sauran shekaru. In ta 6 ce ko 7 kuma tana da SSD, har yanzu ta cancanci caja mai kyau da batir mai matsakaicin kuɗi. In kuwa ta 3 ce ko 4, ga hinji ya karye ga kibod rabi ba ya yi, to a saya mata caja kawai a lallaɓa a fara tara kuɗi, kar ka zuba kuɗin batir da ya kusa rabin kuɗinta. Kuma ka tuna ta hannun da za ka sayo ita ma da tsohon batir za ta zo, ka buga mata batteryreport ɗin a shagon kafin a gama ciniki.

In ɗalibi ne mai yawo da ita daga hostel zuwa laburare, caja in gwaji ya nuna ita ce, sannan batir, fawa bank daga baya in an samu sarari. Mai shagon buga takardu da cike fom wanda sistem ɗinsa ba ta barin tebur, shi ba ya buƙatar batir mai awa biyar, na hannu mai riƙe minti arba'in ya ishe shi ya tsallake canjin wuta, kuɗinsa ya tafi kan caja orijina da soket mai kare hawan wuta don injin da yake tayarwa. Masu haɗa bidiyo da zane da masu gem, ku naku daban ne, manyan sistem ɗin nan cajarsu wat 180 ce ko 230, a kan batir dole su rage ƙarfin katin hoto komai sabuntarsa, fawa bank mai 65 ba zai ɗaga su ba, don haka cajar asali mai cikakken wat ita ce komai, sai wutar da za ta ciyar da ita.

Duk wanda ya sa sabon batir kuma yawanci a jone yake aiki, ya nemi inda ake taƙaita caji, a Lenovo yana cikin Vantage, a ASUS cikin MyASUS, Dell da HP na ofis suna da shi a BIOS, ya tsayar da shi wajen 80. Na san da zafi a garin da ba ka san yaushe wuta za ta dawo ba ka bar kashi 20 a banza, ni ma ranar da zan yi tafiya ko na ga alamar za a kwana babu wuta ina buɗe shi ya cika.

Ita ƙanwata dai tsohuwar caja mai wat 90 muka samo, a gaban mai shagon na shiga BIOS na ga ta rubuta 90W sannan na biya. Batirinta da muka duba yana kan kashi 70 da wani abu, muka bar shi. Ram ɗin da aka ƙara mata yana nan a ciki bai yi laifin komai ba, kuɗin fomatin ne dai har yau in ta tuna sai ta yi tsaki.